Ƙarfen da Ke Hannun Ma

Kolkata, ranar Talata

Pishi,

Ina taɓa ƙafafunki. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da agwaginki da ciwon gwiwarki. Malati-mashi ce za ta kawo miki wannan takarda in ta gama sayar da kifinta ta hau jirgin ƙasa na yamma. Ina roƙonki kada ki buɗe ta a kasuwa. Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. Ke kin san ni, in na riƙe waya sai harshena ya naɗe. Ke kuma in kin riƙe taki, duk Namkhana ce ke sauraro. Ma ba ta son kowa ya ji sunan ciwon nan. Har yanzu "ciwon mara" take ce wa matan ɗakinmu, alhali kowaccensu sankarar bakin mahaifa ce ta kawo ta asibitin, kamar yadda ta kawo mu.

Bari in fara da mai daɗi. Gashin da ake yi wa ciwon da haske ta wajen jiki ya kusa ƙarewa, jinin ya tsaya, kuma Ma ta fara faɗa da abincin asibiti. Wai miyarsu ta dal in ka leƙa ciki sai ka ga fuskarka. Likita Paramita, wadda ke duba ta, ta ce mai faɗa da abinci ta kama hanyar warkewa.

Saura gashin ciki, wanda ake kai hasken har jikin ƙarin. Kafin a yi shi sai an ɗauki hoton da ake kira MRI, sannan wata kwamfuta ta zana iyakar ƙarin a jikin hoton, don a san inda za a ƙona da inda za a bari. Jiya aka kira mu ɗakin hoton. Sista ta ce a cire duk wani ƙarfe, domin na'urar ƙaton maganaɗisu ce, ko allura ta samu sai ta fizge. Ma ta cire 'yan kunne, ta cire na hanci, ta cire fil ɗin sarinta, har tana wasa wai an yi mata fashi da rana tsaka. Farare da jajayen awarwaronta na aure aka ce ta bar su, tunda ba ƙarfe ba ne. Sai Sista ta nuna hannunta na hagu ta ce, "Saura wannan, Mashima."

Pishi, kin san wadda ake nufi. Munduwar baƙin ƙarfen nan da Baba ya sa mata ranar da aka kawo ta gidanku, wadda mace ba ta rabuwa da ita sai ranar da mijinta ya mutu.

Ma ta rufe munduwar da ɗaya hannun ta ce, "Mijina yana teku."

Sista ta ce, "Ɗan lokaci ne kawai, kina fitowa ki mayar."

Ma ta ce, "Ita ma teku ɗan lokaci take buƙata."

Sai ta kawo shawara wai a naɗe munduwar da tsumma, na'urar ba za ta gani ba. Sista ta yi dariya, ta ce na'urar ba ido gare ta ba, ƙarfen zai yi zafi ya ƙone ta, ya kuma ɓata hoton. Aka yi lallashi, aka yi faɗa, Ma ta tattara 'yan kunnenta ta fito. Wata mata aka shigar a madadinmu.

Abin da ya fi ci mini rai, ba wai munduwar ta matse ba ce. Ma ta rame har munduwar tana sulluɓowa da kanta, sai da ta ɗaure ta da zare a jikin farin awarwaron don kada ta faɗi tana barci.

Ni kuwa ina tsaye ina kallon yatsun ƙafata. A littattafan da nake karantawa, a irin wannan wuri yarinya takan ɗago kai ta faɗi magana ɗaya, kowa ya yi tsit, a ga hawaye a idon tsohuwa. Na shirya tawa maganar tsaf, amma sai da muka dawo ɗaki ta iso bakina, kuma ko a nan ɗin ban faɗa ba.

Ke ƙanwar Baba ce, kuma duk duniya ke kaɗai Ma take shakka. Ki rubuto mata wani abu in karanta mata.

Ki gaishe mini da kowa ba tare da kin gaya musu komai ba.

'Yarki,
Kuheli


Namkhana, ranar Laraba

Kuhu,

Albarka a kanki, ki yi tsawon rai. Rubutuna kamar sawun ƙaguwa a laka yake, ki yi haƙuri da shi. Ban buɗe takardarki a kasuwa ba, a bayan kasuwa na buɗe, don haka kada ki ɓata fuska.

Wannan ɓangaren na uwarki ne. Ki karanta mata da ƙarfi, ba da muryar sauron nan taki ba.

Boudi, matar yayana, kunnenki nawa? Ni Atoshi ban taɓa cire nawa ƙarfen ba ko don wanka. Yana hannuna daram ranar da teku ta cinye mijina. Me ya hana? Ko igiya ɗaya bai riƙe ba. Matan birni suna cire nasu su ajiye a kan madubi, mazansu kuma ga su nan sun yi tumbi sun ƙi mutuwa. Ki cire abin nan a ɗauki hotonki ki dawo gida. Na gaji da dafa wa kaina abinci, kuma kabewarki ta haura rufina tana neman karya shi.

To Kuhu, saura ke. Akwai abin da ban gane ba. Wannan kwamfutar da za ta leƙa cikin uwarki, namiji ce ko mace? Kuma wa ya koya mata cikin mata? Ni da na tsufa ina feɗe kifi, ido rufe nake raba ƙwai da hanji, amma sai da na yanke yatsa ba adadi kafin hannuna ya faɗa. Ita a jikin wa ta yanke nata? Ki tambayi likitar. Ki buɗe baki ki tambaya, ba a biyan haraji a kan magana. Kada a kawo mana wata sabuwar amarya da ba ta iya riƙe wuƙa ba a ce ta koyi yanka a kan Boudi.

Na aiko da busasshen mangwaro da ɗan man mustad, ki shafa mata a ƙafa. Littattafan nan uku da kika ɓoye a ƙasan buhun muri, guggurun shinkafar nan, kina tsammanin ban gani ba? In kin gama soyayya da mutanen takarda ki riƙa tunawa ki ci abinci.

Pishinki mai ƙaunarki,
Atoshi


Kolkata, ranar Juma'a

Pishi,

Ina taɓa ƙafafunki, ina gaida ki da aiki. Mangwaron ya iso, matan ɗakin sun cinye rabi.

Na yi tambayarki. Gaskiya ban iya yi da ka ba, takardarki na riƙe na karanta wa Likita Paramita wurin. Ta yi dariya har ta cire tabarau, ta ce, "Pishinki ta fi wasu ɗalibaina iya tambaya. Biyo ni."

Ta kai ni wani ɗan ɗaki mai sanyi, inda mutumin da ya koyar da kwamfutar yake aiki. Tun da na ji labarinsa na gama zana shi a raina: dogo, mai shiru, mai wani baƙin ciki a ido. Pishi, gajere ne mai sanƙo, na same shi yana cin muri a ƙullin jarida, albasa a gemunsa. Sunansa Tirtho-babu.

Ga abin da suka nuna mini. Hoton yana yanka mutum gunduwa-gunduwa ba da wuƙa ba, kamar yadda kike yanka kifin ilish ki duba fuskar kowace gunduwa. A kowace ɗaya sai an kewaye ƙarin da layi, a kewaye mafitsara, a kewaye hanji, don hasken ya ci abin da ke cikin layin ƙarin ya ƙyale maƙwabta. Da can likita ce ke zanawa da hannu, tana ɗaukar sa'o'i, mace kuma tana kwance da bututu a cikinta ba halin motsi. Sai suka tara hotunan ɗaruruwan mata da aka yi wa magani a baya, da yardarsu, aka goge sunayensu, aka bar layin da likitoci suka ja. Aka yi ta nuna wa kwamfutar. Ta ja nata layin, a nuna mata inda ta kauce, ta sake ja, a sake nuna mata, har hannunta ya faɗa. Yanzu kafin shayi ya huce ta gama, likita kuma ta bi kowane layi ta gyara inda bai yi mata ba. Ba a ƙona komai sai ta yarda.

Don haka amsarki ita ce, mata ne suka koya mata. Tun ranar nake tunaninsu. Ba su san Ma ba, wasunsu ma ƙila ba su da rai, amma kamar sun jeru ne a bakin kogi suna nuna wa mai zuwa inda zurfi yake.

Ina tsaye suka fara faɗa a kan wani hoto. Ta ce, "Yarinyarka ta ci gefen mafitsara," wato kwamfutar. Ya ce, "Ki gyara mata mana, ke an haife ki da iyawa ne?" Na yi murna a raina, domin a littafi duk masu irin wannan faɗan aure suke yi a ƙarshe. Ashe mijin yayarta ne. Kada ki yi mini dariya.

Yanzu ga marar daɗin. Na tambaya ko ba za a iya yi ba tare da wannan hoton ba. Ta ce akwai wani hoton, irin wanda aka yi wa Ma da farko, amma a cikinsa ƙari da lafiyayyen nama duk launi ɗaya ne, kamar neman kifi a ruwan damina. Kwamfutar ba ta koyi wannan ba, ita ma likitar sai dai ta ja layi da faɗi. Ko a ƙona abin da bai ci ba bai sha ba, ko a bar gefen ciwon da rai. Kuma ba a ba ciwon nan hutu, in ya huta yakan farfaɗo. Likitar za ta jira mu zuwa ƙarshen mako mai zuwa. In Ma ba ta yarda ba, da wancan hoton mai kama da laka za a yi.

Na karanta wa Ma saƙonki da ƙarfi, kamar yadda kika ce. Ta yi dariya a wurin kabewa. Da na gama sai ta juya fuska bango ta ce, "Ni na riƙe hannun Atoshi ranar da mata suka zare nata a bakin ruwa. Ba ta tuna yadda hannun yake rawa ba, ni na tuna." Can kuma ta ce, a hankali kamar tana maganar farashin gishiri, "Wadda ta tafi da ƙarfenta a hannu ai mai sa'a ake ce mata. Har ƙafarta mata suke taɓawa."

Pishi, na ji tsoron maganar nan fiye da sunan ciwon.

Ga wata takarda na sa a ciki, ta Baba ce. Ban san yadda takarda ke zuwa teku ba. Ke kin sani.

'Yarki,
Kuheli


Kolkata, ranar Juma'a

Baba,

Ina taɓa ƙafafunka. Da fatan kana lafiya, da fatan ruwa yana kwance, raga tana cika.

Ban taɓa rubuta maka komai ba, sai sunanka a takardun makaranta. Ka yi haƙuri in na yi rashin kunya.

Ka tafi ka bar mu ana cewa magani yana tafiya daidai, kuma gaskiya ne. Amma yanzu ya tsaya a wuri ɗaya. Ana son a ɗauki hoton cikin Ma don a ga iyakar ciwon a ƙone shi daidai, kuma ba a shiga ɗakin da ƙarfe. Ma ta ƙi cire munduwar da ka sa mata, domin kana teku. Likita ta yi magana, Pishi ta yi magana, ni ban iya ba. In ba a ɗauki hoton ba kafin ƙarshen mako mai zuwa, za a yi mata maganin a lalube.

Ma ta ce matar da ta mutu da ƙarfenta a hannu mai sa'a ce. Baba, ni ba na son uwa mai irin wannan sa'ar.

Na san lokacin ilish ne, na san ba kai ne mai jirgin ba. Ban ce ka zo ba. Ko layi ɗaya ne ka aiko, ka ce ka yarda ta cire. Ban taɓa jin ka kira ta da komai ba sai "kina ji?", ita ma sai "kana ji?". Ina ganin in ka ce mata "kina ji?" a takarda, za ta ji.

Ma Ganga, uwar kogi, ta tsare ka.

'Yarka,
Kuhu


Namkhana, ranar Lahadi

Kuhu,

Albarka a kanki. Takardar babanki na naɗe ta a leda na ba wani jirgi da ya ɗauki ƙanƙara ya fita jiya da safe. Matuƙin ya ce in sun haɗu da nasu zai miƙa. In sun haɗu fa. Teku ba layin unguwarmu ba ce. Na so in sa a kira shi ta oba-oba, amma duk jiragen da ke kan ruwa za su ji, kuma uwarki za ta gwammace ciwon a kan wannan.

Ki saurare ni da kyau. An ce ilish ya fito bana kamar a share da tsintsiya, babu mai jirgin da zai juyo da mutum goma sha don matar mutum ɗaya. Babanki kuma bai taɓa barin jirgi ba, ko da aka haife ki sai da kika yi ƙiba ya gan ki. Kada ki zauna a bakin taga kina jiran jarumi a cikin ruwan sama. In amsa ta zo, ta zo. In ba ta zo ba, ni zan zo da gwiwar nan tawa in zauna a kan uwarki a zare abin.

Maganar hannuna da ta ce yana rawa, ki ce mata na tuna. Shi ya sa nake magana.

Mai sanƙon nan, ki ce masa na yarda da yarinyarsa.

Pishinki,
Atoshi


Kolkata, ranar Alhamis

Pishi,

Ina taɓa ƙafafunki. Ki ajiye wuƙar kifi ki zauna, don wannan takardar doguwa ce.

Na zauna a bakin taga. Kin hana, amma na zauna. Kuma ba ta nan ya zo ba. Jiya da hantsi na je ɗebo ruwan zafi, ina dawowa na ji duk ɗakinmu yana ƙarnin kifi, matan suna toshe hanci da bakin sari. Baba ne a tsugune a ƙasa kusa da gadon Ma, wandonsa duk gishiri ya bushe a jiki, ba jaka ba komai. Takardar ta same shi, ya tsallaka wani jirgin da ke dawowa da kifi, daga tashar jirage ya wuce tashar jirgin ƙasa. Shi ya sa ba ki gan shi ba, kada ki yi fushi.

Na ɗauka za a yi kuka. Faɗa aka yi.

Ma ta ce, "Ka bar jirgi? A lokacin ilish? Wa ya aike ka?"

Ya ce, "Kina ji? Ga ni a tudu. Ki cire."

Ta ce, "A tudu ba a mutuwa ne? Ka ga yadda motocin garin nan suke gudu?"

Matar da ke gadon kusa ta ce, "Ke Kanan, in ba ki son shi ki ba ni, nawa ko waya ba ya ɗagawa." Aka yi dariya, ban da su biyun.

Baba ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Kin san shi, sai ka ɗauka ya manta ana magana. Can ya ce, "An ce kin ce za ki yi sa'a."

Ma ta harare ni. Na so ƙasa ta tsage.

Ya ce, "To. Za a zo a taɓa ƙafarki, a ce mai sa'a. Ni fa? Ni me za a ce mini? In na dawo daga ruwa wa zan samu?"

Ma ta rufe munduwar da ɗaya hannun.

Ya nuna ƙarfen ya ce, "Wa ya sa miki shi?"

Ta ce, "Ka manta ne?"

Ya ce, "To mai shi ya zo ya ara. Ba mata ne za su zare a bakin ruwa ba. Ni ne, da raina, da hannuna."

Sai ta kafa sharaɗi. Ta ce muddin tana cikin na'urar nan ba ƙarfe, sai dai tana jin muryarsa, don ta san yana numfashi. In ya yi shiru za ta danna ƙararrawa ta fito. Na ruga na gaya wa Sista, ni da kaina, da bakina, ban ko rubuta ba. Sista ta ce akwai abin magana a ɗakin mai ɗaukar hoto, ana sa wa marar lafiya a kunne. In na'urar tana ruri ba a ji, amma tana tsayawa tsakani, a nan zai iya magana. Likita Paramita ta sa aka nema mana wuri yau da safe.

A bakin ƙofar ya ciji zaren ya tsinke, ya zare munduwar. Wurin fari fat, Pishi, kamar fatar jariri. Ya rasa inda zai sa ta, ba ta shiga hannunsa, sai ya zura yatsu uku a ciki ya dunƙule.

Aka zaunar da shi gaban abin maganar. Mutumin da maganarsa ta yini ba ta cika cokali ba! Na'urar ta yi ruri ta tsaya, mai hoton ya ce, "Yi magana, Dada." Baba ya ce, "Kina ji? Ina nan." Ta sake tsayawa, ya ce, "Har yanzu ina nan." A ta uku gumi ya karyo masa. Ya dube ni. Ni da na haddace kalaman da suka narkar da zuciyar mata ɗari, ko ɗaya ban ga wanda zai shiga bakin Baba ba.

Sai ya fara kiran kifaye. "Ilish ya fito da yawa. Akwai bhetki, manya. Parshe kaɗan ne bana. Topse ma mun samu, irin wanda kike soyawa da garin wake." Na'urar ta yi ruri, ta tsaya. "Bhola. Lote. Lote ɗin ba ki son shi, na sani, na mayar ruwa." Mai hoton ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Da kifayen suka yi ƙasa sai ya koma faɗa mata yadda raga ta yage a gefe ɗaya, da wanda ya yi sakaci, da irin ƙullin da ya yi mata. Bai yi shiru ba ko sau ɗaya. Ta gilashi ina hango tafin ƙafar Ma, bai motsa ba.

Ban san me ya sa ni kuka a kan lote ba.

Tana fitowa ta miƙa hannu ba tare da ta dube shi ba, ya mayar mata. Ta ce, "Ka bar topse ya lalace a jirgin mutane ko?"

Da rana Likita Paramita ta kira ni da Baba ɗakin sanyi. Tirtho-babu ya danna abu, muna kallo jan layi ya fito ya kewaye wani ɗan tabo, gunduwa bayan gunduwa, rawaya ya kewaye mafitsara, kore ya kewaye hanji. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta ɗan ja layin a wuri biyu, ta ce masa, "Yau yarinyarka ta yi hankali." Sannan ta ce mana ƙarin ya ƙanƙance sosai, ya kuma ja jiki daga mafitsara, ana ganin bakinsa ko'ina. Ba ta ce an warke ba. Ta ce yanzu ta san inda za ta sa wuta, kuma tana da kyakkyawan zato.

Baba ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya ce, "Duk yana cikin layin? Babu inda zai zille?" Ta ce aikinsu ke nan, kada a bar masa kafa. Ya gyaɗa kai kamar yadda yake yi in ya gama duba raga.

Gobe za a yi gashin ciki na farko. Amma ga abin da ba a gaya wa Baba ba sai ɗazu: kowane gashi da nasa sabon hoton, kuma Ma ta ce sharaɗinta yana nan.

Ki gaida agwagi. Ki bar kabewar, Ma ta ce tana zuwa da kanta.

'Yarki,
Kuheli


Kolkata, ranar Litinin

Atoshi,

Albarka a kanki. Ina lafiya.

An yi gashin farko, Boudinki ta jure. Tana cin abinci, tana faɗa. Likita ta ce abin yana tafiya yadda ake so.

Ki gaya wa mai jirgi ya nemi wani a gurbina, ba zan koma ruwa ba sai an gama. Ki aiko mini da riga biyu.

Jibi za a sake zaunar da ni gaban abin maganar nan. Kifayen da na sani sun ƙare, raga ma na gama da ita. Kuhu ta ba ni wani littafi wai in karanta daga ciki. Na duba shafi ɗaya na mayar mata.

Ke ba ki rasa magana. Ki rubuto mini duk abin da ya faru a unguwa tun tafiyarta, wa ya yi faɗa da wa, akuyar wa ta haihu. Ki cika takardar gaba da baya.

Yayanki,
Subal